Hoton da Tela Ya Tura wa Mahaifiyarsa

Kwanan 'yar tela tara a cikin kwalba a ɗakin bakwaini. Duka-duka ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, ga robar iska a hanci, ga wayoyi a ƙirji. Likita ya ce akwai jijiya kusa da zuciyarta da ba ta rufe ba, ana ba ta magani. Da mahaifiyarsa ta ishe shi da waya tana son hoton jika, sai ya faki idon nas, ya ɗauki hoton jaririyar kwalbar gefe, mai kumatu, wadda ake shirin sallama, ya tura mata.

Ranar da aka bar tsohuwa ta shiga, ta wanke hannu, ta wuce jikarta ko kallo babu, ta tsaya a kan ta gefen.

"Tubarkalla! Wannan hancin ai na gidanmu ne! Wa ya ce yarinyar nan ba lafiya?"

Matar tela na zaune riƙe da kofin nonon da ta tatsa. Ta dubi surukarta, ta dubi mijinta. Shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Mama," in ji matar a hankali, "ga tamu nan. Wannan 'yar ƙaramar."

Tsohuwa ta dawo, ta daɗe sunkuye tana kallon ɗan ƙirjin yana hawa yana sauka. Ba ta ko ɗago ta dubi ɗanta ba, ta ce:

"Kai ma haka na haife ka, kamar ɗan tsako. Amma ni ban ɓoye ka ba."