Baitin Kunkuru

Shekara tara ina tuƙa bas mai lamba goma sha huɗu. Ban taɓa goge fentin kowa ba, mota ba ta taɓa mutu min a hanya ba. Ladan da na samu wurin abokan aiki shi ne suka sa min suna Kunkuru. To, na ji, na karɓa. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne maganar baitin Baban Gareji.

Baban Gareji shi ne babban makaniken kamfaninmu, dattijo mai tabarau ɗaure da waya. In ka kai masa mota da matsala, akwai katin gyara da yake cikewa, a ƙasan katin kuma akwai ɗan fili da aka bari don ƙarin bayani. A nan Baba yake rubuta baitin waƙa, layi biyu, daidai da laifinka. Ranar da Guguwa, direban da ya fi kowa gudu, ya cinye birki karo na uku, ga abin da ya samu:

Birki ba abokin gaba ba ne, Guguwa,
Taka shi a hankali, shi ma yana da uwa.

Maimakon ya ji kunya, mutumin nan sai ya manna katin a saman gilashi. Fasinjoji suka ɗauki hotonsa a waya, ya zaga gari. Yanzu in Guguwa ya taka birki da ƙarfi, daga kujerar baya za ka ji wata tsohuwa ta ce, "Shi ma yana da uwa," mota duka ta kwashe da dariya. Wani da ya fasa madubin gefe ya samu nasa, mai shara ta samu nata ranar da ta manta tsintsiya a kusa da injin. A ɗakin hutunmu kowa ya haddace na kowa, da su ake tsokana, da su ake shirya masu faɗa.

Ni kuwa? In na kai mota sabis, katina yakan dawo da kalma biyu: "Lafiya lau." Filin ƙarin bayani fari fes. Ina dariyar baitin wasu, amma wallahi kishi nake yi, ba zan ɓoye ba.

Sai aka liƙa takarda a bango cewa Baba zai yi ritaya ƙarshen wata. Saura kwana shida. Na koma gida na kasa cin abinci.

"Baban yara, wai a kan layi biyu kake wannan kumburi?" matata ta ce. "Kawo biro in rubuta maka huɗu."

"Ba za ki gane ba. Mutum zai tafi, kowa yana da abin tunawa, ni kamar ban taɓa aiki a wurin ba."

"To ka ɗan goga bango mana, ko kaɗan. Mutane suna yi ba da niyya ba, kai da niyyar ma ba za ka iya ba."

Gaskiyarta ce, shi ya sa na ji haushi. Washegari na nufi ginshiƙin ƙofar tasha da niyyar in taɓa shi da gefen mota, amma hannuna ya ƙi. Na wuce shi sumul, har mai gadi ya ɗaga min babban yatsa.

Na sake dabara. Na je gareji na ce ina jin wata ƙara a injin.

"Wace iri?" Baba ya tambaya.

"Kamar ƙir-ƙir. Wani lokaci kuma gur-gur."

Ya kunna motar, ya kara kunne, ya daɗe yana saurare kamar mai jin labari mai daɗi. Ya kashe, ya rubuta "Lafiya lau," ya miƙo min.

Ana gobe zai tafi, na ce yau a yi ta ta ƙare. Na ɗauko tsohuwar sifana daga gida, wadda muke ɗaure ƙafar gado da ita. Kafin a fara lodi na tsuguna na sassauta noti biyu na murfin gefen injin, inda ba zai cuci kowa ba. Motar ta yini tana kakat-kakat kamar an ɗaura mata gwangwani. Fasinjojin da suka saba da ni sai jaje suke min, ni kuwa zuciyata fari tas.

Da yamma na shiga gareji ina ɓata fuska. Guguwa yana nan zaune a kan taya, ya ce, "Ikon Allah, yau Kunkuru ya kawo mara lafiya."

Baba ya zagaya, ya taɓa murfin, ya sunkuya ya dubi notin ta saman tabarau. Ya ɗaure su cikin minti ɗaya. Sannan ya ja ni gefe, inda Guguwa ba zai ji ba.

"Ɗana, noti in ya kwance da kansa, ba ya barin sabon ƙarzo a jikinsa. Kuma sifanar da aka sa ta yi masa girma. Ta ina ce?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ta gida ce, Baba."

"Me ya kai ka?"

"Baiti nake so. Gobe za ka tafi. Mai shara ma tana da nata, ni shekara tara ko layi ɗaya ba ka taɓa yi min ba. Na ɗauka ko ba ka ga abin faɗa a kaina ba ne."

Ya cire tabarau ya dube ni da kyau. "Tsaya. Me ya sa ka ɗauko sifana daga gida, alhali akwai wadda ta yi daidai da notin a akwatin da ke ƙarƙashin kujerarka?"

Akwatin ƙarfe ne da kamfani yake sa wa kowace mota, na kayan gyara, don ranar da ta lalace a hanya. Na ce, "Ai ban taɓa buɗe shi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Me zai sa in buɗe? Ba ta taɓa tsaya min ba."

Dattijon nan ya dafa motar ya yi dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Laifina ne. Na manta da wa nake hulɗa. Je ka buɗe."

Na hau, na jawo akwatin. Maɓallin ya yi tsatsa, sai da na buga shi da tafin hannu. A saman kayan gyaran akwai katuna ɗaure da roba, masu yawa, na ƙasan har sun yi ruwan ƙasa. Na zaro na farko.

In ka ga wannan, Kunkuru, ta tsaya maka a hanya,
Ƙarfe ne ya gaji, kai ba ka da abin jin kunya.

Na zaro wani daga tsakiya.

Kowa ya kawo min aiki, kai ka kawo min hutu,
Hannuna ba baƙin mai, shi ya sa na gyara rubutu.

Baba yana tsaye a ƙofar mota. Ya ce, "Na katin gyara na masu laifi ne. Kai ba ka da laifi, ina zan rubuta? Sai na ce duk sabis in ajiye maka ɗaya a nan, ranar da ta mutu maka ka samu abin karantawa kafin mu zo. Na san halinka, ranar nan za ta yi maka zafi fiye da kowa."

Na zare robar gaba ɗaya. Na ƙirga katunan, talatin da shida. Guguwa ya leƙo ta taga, ya ga tarin, ya ce shi da ya cinye birki goma sha ɗaya bai samu rabin wannan ba, ina adalci yake? Ya fizge katin nan mai maganar hutu ya ruga ɗakin direbobi yana karantawa da ƙarfi.

Na zauna a kujerata na karanta sauran ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na ƙarshe, wanda Baba ya sa a makon nan, ban duba shi ba. Na mayar da shi cikin akwatin a kife, na rufe, na tura ƙarƙashin kujera.

"Ba za ka karanta wannan ba?" Baba ya tambaya.

Na ce, "A bar shi, Baba. Wata rana za ta tsaya min, kuma ranar ba kai ne za ka zo ba."