Tulun Zumuntar Mata

"Sai yau kika gane ƙofar gidan nan, Tabita? Sai da kuka rasa abin kiɗa?" in ji Dabora.

"Haba Mama, ba faɗa ya kawo ni ba. Tulun nan na zumuntar mata ne, ba gadon Baba Ishaku ba ne."

"Kar ki ƙara sa sunan mijina a bakinki!"

Ni dai ina zaune bakin ɗakina ina tsinkar zogale. Gidan haya ne a unguwar Lazaret ta Yamai, bango ɗaya ya raba ni da Dabora. Ido ya fara gudu na, amma kunne, alhamdulillahi. Na ja kujerata kusa, wai ina bin inuwa.

Tabita ita ce shugabar matan majami'arsu, ma'aikaciyar jinya ce, kullum cikin sauri. A kan moto ta zo, ko hular kwano ba ta cire ba. Abin da ta zo ɗauka tulun ƙasa ne da ake bugawa a baki in mata suna waƙa. Dabora ke buga shi tun Tabita tana goye, a ɗakinta kuma yake kwana. Bikin godiyar kaka ya matso, sai aka tuna da shi.

* * *

Gab da damina Ishaku ya rasu. Tsohon malamin lekol ne, wato makarantar boko, mutumin Dogondutsi, marar hayaniya. Ranar jana'iza gidan nan ya cika, har ɗakina na ba baƙi. Aka yi waƙa, aka ci shinkafa, wata mai jan baki ma ta tafi da saura a leda, na gan ta. Daga nan tsit.

A garinsu, in ji Dabora, matar da mijinta ya mutu ba ta komawa majami'a ita kaɗai. Mata ne ke zuwa gida da safiyar Lahadi, su yi sallama, su ɗaura mata kallabi, su sa ta tsakiya har wurin zamanta, don kada ta shiga ta ci karo da gurbin mijin babu kowa a gefenta. Ita kanta ta raka mata da yawa haka.

Sai ta shiga jira. Kowace Lahadi ta yi wanka da wuri, ta ɗaura zane mai kyau, ta zauna tana fuskantar ƙofa da Littafi Mai Tsarki a cinya, kallabin a ninke a kansa. In an taɓa ƙofa ta gyara zama. Mai ruwa ne. Ko mai gyaran takalmi. In rana ta take, sai ta tashi ta cire zanen, ta ce mini dama gwiwa ke damunta.

Wata Lahadi abin ya ishe ni. Na ce, "Dabora, tashi in raka ki. Na san ba a barin Musulma ta buga tulu, amma bakin ƙofa zan iya."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Zuwera, na gode. Hanyar ai na san ta. So nake a ce an yi kewata."

* * *

"Mun gayyace ki, Mama," in ji Tabita. "Mun sa a gurup na waya, har da hotonki da furanni. Kowa ya sa amin."

"Wayar Ishaku ce mai gurup, ɗana Timoti ya tafi da ita Maraɗi. Ga tawa, tocila gare ta kawai. Amin ɗin nan naku, a wane ɗaki ya sauka?"

"To, ai ƙofar majami'a a buɗe take ga kowa."

"Ta Babbar Kasuwa ma a buɗe take."

Na kusa shaƙewa da dariya. Tabita ta juyo ta harare ni, na duƙufa kan zogalena kamar yau na fara ganinsa.

"Nan Yamai ne, Mama, ba ƙauye ba. Kowa da aikinsa. Wa ke da lokacin bin gida-gida?"

"Ke. Ga ki kin biyo."

Dabora ta shiga ɗaki, ta fito rungume da tulun, ta goge masa ƙura da bakin zaninta. Ta miƙa, amma ba ta saki nan take ba. Faɗan ya fita daga muryarta.

"A riƙe shi ta ƙasa, wuyan ya tsufa," ta ce. "Wane zane za ku ɗaura ranar bikin?"

Ko ni da ba na cikinsu na gane abin da take roƙo: a ce mata za a zo a raka ta. Kalma ɗaya ta rage. Na daina tsinka, ina kallon bakin Tabita.

Sai wayarta ta yi kuka. Ta maƙale ta a cikin hular, ta fizge tulun ta wuya.

"Alo? E, na samo, amma sai da na sha magana. Ga ni nan zuwa."

Ta ja ƙofar gida da ƙafa, garam!