Ranar da na share garejin Baba

Ni mai ɗinki ce. Shekara ashirin da biyu ina kan keke, kuma in akwai abin da ba na iya jurewa a duniya, to tarkace ne a ƙasa. A shagona maɓalli ba ya kwana da wanda ba ɗan'uwansa ba. Manya gwangwaninsu daban, ƙanana daban, masu ido huɗu daban. Maƙwabta har tsiya suke min, wai ko zare ne ya faɗi ƙasa sai na kai shi ƙara. Na faɗi wannan ne tun farko don ku san irin hannun da ya yi ɓarnar.

Baba bakaniken babur ne. Da ƙarfi ya ragu ya bar bakin titi, sai ya koma ɗakin kayan aikinsa da ke jikin gidanmu, wanda muke ce wa gareji. Tun muna yara iyakarmu bakin ƙofa: ka yi sallama, ka dire kwanon abinci, ka juya. Umma kanta, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga da tsintsiya ba. Ni na ɗauka warin fetur take gudu, kuma ban taɓa tambaya ba.

Shekara biyu bayan rasuwar Umma Baba ya fara mantuwa. Zai zuba sukari sau uku a shayi, ya ce ban sa ba. Ran nan ya fita sayen burodi, sai wani mai shago ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi. Likita bai yi mana ɓoye-ɓoye ba. Ya ce ciwon ba ya warkewa, gaba zai riƙa yi. Na rufe shago, na ɗauko kekena na dasa shi a falon gidanmu.

Ranar da muka dawo daga asibitin, Baba ya tsaya a ƙofar gareji ya kira ni. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Uwata, na ji abin da mutumin nan ya ce. Ni ba kurma ba ne. Kafin kan nan ya gama tafiya zan tayar da Dattijo."

Dattijo shi ne tsohon baburinsa, baƙi, mai dogon kushin, wanda ya saya a shekarar da aka haife ni. Shekara goma sha ɗaya yana lulluɓe da tamfol, ɓeraye sun cinye rabin kushin ɗin.

"Haba Baba, wannan gawar?"

"Ke ce gawa," in ji shi, yana dariya. "Mako uku in kwance shi, wata ɗaya in haɗa. In ji kukansa da kunnena, daga nan duk abin da zai zo ya zo."

Wallahi a mako ukun nan Baba ya dawo mutum. Ina taka keke a falo, ina jin ƙarar sufana ta bango, yana ta fito. Zai shigo da baƙin mai har goshi, ya cinye abinci tas, ya ce in ƙaro. Ko sau ɗaya bai kira ni da sunan Umma ba, kamar yadda ya fara yi a baya.

Sai ya faɗi. Ya yi tuntuɓe da wani ƙarfe a cikin garejin, goshi ya tsage, ɗinki biyar. Aka riƙe shi kwana biyu. Yaya, wato wana da ke aiki a wani gari, ya zo ya zauna da shi. Da zan taho gida wata nas ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, duk inda yake bi a kwashe abin da ke ƙasa. Faɗuwa ta biyu ita ce abin tsoro."

Na dawo raina a ɓace, na tura ƙofar garejin, na shiga karon farko a rayuwata.

Innalillahi! Babu wurin sa ƙafa. Notuna a zube jeri-jeri tun daga bango har ƙofa. Kwalaye duk maiƙo an huda su an tsittsira ƙusoshi a jiki. Washa uku-uku, huɗu-huɗu an ɗaure da zare. Ƙasa kuwa duk zanen alli, nan kibiya, can da'ira, can wata lamba. Na tsaya na riƙe ƙugu, hawaye ya zo min. Na ce Allah sarki, ga abin da ciwon nan ya mayar min da uba, yana zane a ƙasa kamar ɗan yaye.

Na ɗaura ɗankwali a hanci na kama aiki. Na zare ƙusoshin daga kwalayen, na kai kwalayen bola. Na yanke zarurrukan. Na juye komai a baho na wanke da kananzir har suna ƙyalli. Na jero gwangwanayen madara goma sha huɗu, na ware su kamar yadda na iya: dogaye nan, gajeru nan, masu kai shida nan, washa manya, washa ƙanana. Manyan ƙarafan na ɗora su kan kanta. Sannan na kawo ruwa da omo na dirje simintin da buroshi har babu ɗigon alli. Da na gama na tsaya ina kallo, ina jin kaina. Har hoto na ɗauka na tura wa Yaya.

Da aka sallamo shi, ko ɗaki bai shiga ba, garejin ya nufa. Na bi shi a baya ina murmushi, ina jiran yabo. Ya tura ƙofa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

"Uwata, wa ya shiga nan?"

"Ni ce, Baba. Ka ga yanzu ko ido rufe ka bi ba za ka faɗi ba."

Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa simintin da tafin hannu, ya duba hannun. Sai ya yi magana a hankali, kamar mai koya wa baƙo hanya. Ya ce duk abin da ya kwance yana ajiye shi ne a layi daga hagu zuwa dama, wanda ya fito ƙarshe shi zai fara komawa. Kwalin nan kuwa hoton murfin inji ne, kowace ƙusa a hujin da ya yi daidai da gurbinta. Ya ce za ki ga biyu kamar tagwaye, amma ɗaya ta fi ɗaya da tsawon ƙwayar shinkafa, in kika sa doguwar a gurbin gajeriyar kika ɗaure, jikin injin ya tsage ke nan.

"Da can don sabo nake yi," ya ce. "Yanzu kuwa ƙasar nan ita ce kaina."

Ya dafa bango ya miƙe, ya kalli gwangwanayena a jere.

"An yi tsabta. Allah ya yi miki albarka."

Da marina ya yi da ya fi min sauƙi. Na shiga bayi na toshe baki da zani na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Yaya ya ce abin ai mai sauƙi ne, a kira wani bakanike ya haɗa cikin mako guda. Baba ya girgiza kai.

"Ba babur nake nema ba. Ina zan je da shi? Hannuna nake so ya tayar da shi."

Washegari na rufe kekena da ƙyalle, na saka tsohuwar rigar Baba, na shiga garejin da sallama. Da safe kansa ya fi zama, daga karin kumallo zuwa hantsi, sai muka mayar da lokacin namu. In ɗauko ƙusa ɗaya in sa masa a hannu, ya rufe ido, ya murza ta tsakanin yatsu. Wani lokaci ya ce, "Murfin kuloci, ta uku daga sama." In yi maza in rubuta. Wani lokaci ya murza, ya murza, ya miƙo min ya ce, "Ban san ta ba." In ya gaza sai in koma sana'ata: in zura tsinken saƙa a ramin, in auna zurfinsa da tef ɗin awo, in auna ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Na samo sabbin kwalaye na zana murfin a jiki kamar yadda nake zana wuyan riga. Na koyi kabureta, na koyi fulogi, na koyi bawul. Farcena ya yi baƙi, masu kawo ɗinki suka gaji da jira suka kwashe yadinsu. Su tafi mana.

Aikin wata ɗaya ya ci wata takwas, ciwon kuma bai tsaya jiranmu ba. Akwai ranar da Baba ya ɗaure noti ɗaya ya kwance, ya ɗaure ya kwance, har azahar. Akwai ranar da ya ɗaga sufana lamba goma, wadda ta yi shekara arba'in a aljihunsa, ya ce, "Wannan me ake yi da ita?" Na fizge ta na daka masa tsawa, ni da na jawo komai. Ya kalle ni a tsorace. Har yau in na tuna kallon nan abinci ba ya shiga.

Wata biyun ƙarshe a kujera yake zama, ni nake ɗaurewa. Amma kowane noti, in ya rage murɗa ɗaya, sai in kamo hannunsa in ɗora a kan sufanar, in ɗora nawa a kai, mu ja tare. Ban tsallake ko ɗaya ba. Ya ce hannunsa yake so, to hannunsa ne.

Wata Talata da hantsi na zuba mai a tanki, na tura Dattijo tsakar gida, na zaunar da Baba a inuwa. Na tattare zani na taka kik. Shiru. Na sake. Injin ya yi tari ya mutu. A na bakwai ya kama, ya turnuƙe gidan da hayaƙi, sannan ya zauna daram yana bugawa a hankali, har kwanukan da ke kan taga suna rawa.

Na juyo ina haki, ina dariya, ina kuka.

Baba ya karkata kai, ya kasa kunne. Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Bawul na ɗan ƙara. A sassauta kaɗan. Amma wanda ya haɗa injin nan yana da hannu, wallahi yana da hannu. Baiwar Allah, wane ne ya yi miki aikin?"

Na durƙusa a gabansa.

"Kai ne, Baba. Dattijo ne. Kai ka haɗa shi."

Ya yi 'yar dariya irin ta wanda aka yi wa kara.

"A'a. Ni ma dai ina da irinsa, amma yana can a kwance, ba zai tashi ba. 'Yata ce ta shiga ta share min kayan."

Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Don Allah in kin gan ta kar ki ce mata na ji zafi. Taimako ta yi niyya."

Na ce, "To, Baba. Ba zan faɗa mata ba."

Ya gyaɗa kai, ya jingina, ya lumshe ido yana sauraron injin. Na bar Dattijo yana kuka har man ya ƙare.