Babur Marar Rizab

"Baba, wutar nan fa tana ta ƙiftawa," in ji Auta, tana leƙowa ta saman kafaɗarsa.

Tsohon Hannu ko sunkuyar da kai bai yi ba. Ya ga wutar tun suna fita gari. Shekara ashirin da bakwai yana ɗaukar fasinja, abin da ya sa 'yan tasha suka laƙaba masa sunan ke nan, kuma bai taɓa bari wata fitila ta gaya masa abin da ke cikin tanki ba.

"Ƙyale ta. Baburan zamani tsoro gare su kamar masu su. In wannan ya yi tari sai mu juya rizab mu sami sauran mai, ta kai mu har ƙofar makarantar."

Babur ɗin na mijin babbar 'yarsa ne, sabo fil. Nasa tsohon da gangan ya bar shi a gida, don kada ya ba su kunya yau. Ƙarfe goma za a rufe ɗakin jarrabawar shiga makarantar koyon jinya a garin da ke gaba. Sau biyu Auta tana zama, sau biyu maki kaɗan yana hana ta, baɗi kuwa shekarunta sun haura waɗanda ake ɗauka. Da suka zo gidan mai ya ga layi har kan titi, ya dubi agogo, ya ƙara wuta.

Suna tsakiyar gonaki babur ya yi tari. Hannunsa na hagu ya sauka ƙarƙashin tanki da kansa, inda kowane babur da ya sani yake da ɗan makunnin da ake juyawa a sami sauran mai. Yatsunsa suka tarar da roba sumul. Ya lalubi gaba, ya lalubi baya. Inji ya yi shiru, suka gangara gefen hanya.

"Sauka, Auta. Minti ɗaya."

Ya durƙusa ya leƙa ta dama da ta hagu. Ya kwantar da babur ɗin a gefe ɗaya ya jijjiga, ya tayar, ya danna maɓallin ta da inji. Babu. Ya buɗe tanki, ya kafa baki ya hura har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Baba, wutar murhu kake hurawa?"

Wani mai faci ne a gindin bishiya, zaune kan tsohuwar taya. Ya taso yana goge hannu a wando.

"Ina rizab ɗin wannan abin?" in ji Tsohon Hannu.

"Ba shi da ita. Wannan ba kafireta gare shi irin ta tsofaffin babura ba, famfon lantarki ne a cikin tankin yake tura mai. Wutar da ke ƙiftawa ita ce rizab ɗin. Tun yaushe ta kama?"

"Tun gari."

"Tun gari! Ai ya ma yi maka kara. Ka daina dannawa haka nan, kada ka ƙona famfon a kan banza."

"Ɗan'uwa, ko rabin kwalba. Yarinyar nan jarrabawa gare ta."

Mai faci ya nuna famfon hannunsa. "Da ƙarfina nake ba taya iska. Injina ya mutu tun bara. Mai sai dai inda kuka baro, tafiyar awa guda da turi."

Tara da minti talatin da biyar. Tsohon Hannu ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannuwa biyu. Wata bas ta zo cike har ƙofa, ta kauce masa. Motar ɗaukar yashi ta yi masa ham. Wani mai ƙaramar mota ya rage gudu, ya dube su, ya ɗaga gilashi. Daga nan hanya ta yi tsit, sai kukan tsuntsaye.

Bai iya kallon Auta ba. Ya kama kan babur ya fara turawa wajen garin da ake jarrabawar, da sassarfa, gwiwoyinsa na ƙara. Kilomita goma sha takwas ne, ya sani sarai, amma tsayuwa ta fi ƙarfinsa. Yana jin takunta a bayansa. Can ya daina ji.

Ya waiwaya. Tana tsaye, ta ninke takardar shiga jarrabawar tana sa ta a jaka.

"Goma ta wuce, Baba. Juyo."

Ta zo ta kama ƙarfen baya, suka juya babur ɗin tare. Suka yi nisa suna turi, sarƙa na ƙara.

"In mun sha mai kada mu koma gida yanzu," ta ce. "Mu zauna wani wuri sai bayan azahar."

"Don me?"

"Umma za ta tambaya, Yaya da mijinta ma za su tambaya. Ka ce ka kai ni a kan lokaci. Ni zan ce tambayoyin ne suka yi wuya." Ta gyara riƙonta. "Sun saba ji."

Ya ci gaba da turi, idonsa a kan kwalta.