Gwangwanin Alwalar Inna

Shekara biyu cur ina gasa wa mahaifiyata haram da hannuna, ina ƙunshe mata a tsumma mai tsabta, ina takawa har Jiratawa in kai mata. Har yau ban manta ba.

Sunana Jibo. A lokacin ni ne kukun wani Bature mai sayen gyaɗa a Maradi, shekaru kaɗan bayan yaƙin Jamus na biyu. Shi Mushe, kamar yadda muke kiran maigida da Faransanci, ba ruwansa da madafa, ko dutse ka dafa masa zai ci ya koma wajen sikelinsa. Matarsa ce mai fitina, kuma abin da ta fi ji da shi wani biskwi ne, wato biskit, da ta ce kakarta ke yi. Ana buga mai da sukari har su yi fari, a fasa ƙwai biyu, a zuba garin alkama, sai wani hatsin ƙasarsu da aka lallatse kamar an taka shi, sai shokola, wato cakulan, da nake daddatsawa da wuƙa. Madam ta koya mini in fitar da shi daga tanderu tun tsakiyarsa na kama da ɗanye. Farkon fari na yi mata gardama a zuci, na bar shi ya ƙara minti biyar, ya fito kamar tsakuwa. Daga ranar na bi maganarta. In ya huce, gefensa ya ɗan yi ƙarfi, cikinsa kuwa laushi, yana danƙo a baki.

Man iri biyu ne. Rabi man shanu, rabi wani farin mai da ke zuwa cikin gwangwani mai murfi, jikinsa duk rubutun boko. Ban iya karatun boko ba, Madam kuma Hausarta ba ta wuce "zo" da "maza" ba. Saboda haka na tambayi Idirisa.

Idirisa shi ne akawun Mushe kuma tafintansa. Amma kafin ya zama haka abokina ne. Rana ɗaya aka yi mana kaciya a Jiratawa, tabarma ɗaya muka yi jinya. Shi aka kama aka kai lakkol, makarantar boko, ni aka bar ni da kiwon awaki, kuma shi ya samo mini aikin nan. Ya karɓi gwangwanin, ya juya shi, ya dubi Madam, suka yi ƴan maganganu da Faransanci.

"Gyaɗarmu ce," in ji shi. "Ita suka kaiwa ƙasarsu su tace, ta komo hwara haka. Kai dai yi aikinka."

Har daɗi na ji, wai gyaɗar Maradi ta je Faransa ta yi wanka.

Madam ba ta cin wanda ya karye, ni take bar wa. Ni kuma Inna nake tara wa, don haƙoranta sun zube, kuma wannan ne abu ɗaya mai zaƙi da take iya mamula. Inna ƴar gidan azna ce daga wajen Tibiri. Sai bayan rasuwar babanmu ta karɓi salla, da furfurarta, kuma ta riƙe ta da tsoro irin na wanda ya zo a makare. Kullum tambayarta ɗaya: ko Allah na karɓar sallar tsohuwa da ba ta iya Fatiha daidai ba? Da gwangwanin farko ya ƙare, na darje shi da toka, na kai mata. Ta ce ya fi ƙarfin zuba gishiri, da shi za ta riƙa alwala.

Ranar da asiri ya tonu, Talata ce. Mushe ya tafi Tibiri da Idirisa, Madam na da baƙi da yamma, farin mai ya ƙare. Da ma Idirisa ke rubuta takarda ya karɓo kaya daga kanti. Ran nan ta miƙo mini gwangwanin da babu komai, ta nuna mini hanya, ta ce maza.

Akawun kantin mutumin Dahomi ne, ya iya Hausa. Ya dubi gwangwanin sau ɗaya, ya ɗaga murya ya kira leburansa.

"Gado! Ɗauko man alade, gwangwani biyu."

Na ce masa ba shi ba ne, man gyaɗa aka aiko ni. Ya yi dariya, ya sa yatsa kan rubutun, ya ce ga shi nan ƙuru-ƙuru, kitsen alade ne. Gado kuwa da tsumma ya riƙo su, ya dire a gabana, ya dube ni daga sama har ƙasa.

Na koma na gasa biskwin. Ban san abin da ya sa ba, hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Ƙamshin da na yi shekara biyu ina alfahari da shi ya cika madafar, ni kuwa na fita bayan gida na yi amai har sau biyu.

Da la'asar motar Mushe ta dawo. Na tare Idirisa a gindin bishiyar bedi, kafin ya kaɗe rigarsa.

"Mi ar rubuce ga gwangwanin nan?"

Ya dube ni, ya gane. Ko ƙoƙarin musu bai yi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

"Wa yaf faɗa maka?"

"Kai nike tambaya, Idi."

"Madam ta ce in ka sani tahiya za ka yi, kamar kukun da ka gada. Kana da mata, kana da ɗiya ukku. In ce maka mi?"

"Ka ce mini gaskiya! Inna na ci. Ka san tana ci, gabanka nike ƙunshe mata. Da gwangwanin take alwala!"

Ya gyara hularsa, ya sassauta murya, kamar mai lallashin yaro.

"Jibo, tambayi kowane malami. Wanda bai sani ba, ba shi da zunubi. Muddin ba ku sani ba, kai da Inna, ba ku da laihi ko ƙwaya. Ni na ɗauke muku. Yanzu da ka je ka tono, wa ka taimaka?"

A nan na tuna ban taɓa ganin biskwin nan a bakinsa ba. Kullum na miƙa masa sai ya ce zaƙi na tayar masa da haƙori. Ya tsare bakinsa sarai, ya bar ni da tsohuwata muna ci muna sa masa albarka. Da Madam ce kaɗai ta yi mini haka, da na ce ai ba ta san ni ba. Amma Idi ya ci tuwon Inna fiye da ni. Na so in mare shi, na kasa, sai na tsaya ina kuka kamar sakarai, ga direba na kallo.

Ranar Juma'a na sayi buta sabuwa a kasuwa na kama hanyar Jiratawa. Tun daga gulbi nake shirya maganar da zan yi. Na san malami zai ce gwangwanin da aka wanke ya tsarkaka, kuma abin da aka ci cikin rashin sani an yafe. Na kuma san Inna. Ba za ta ji wannan ba. Abin da za ta ji shi ne duk sallar da ta yi wahalar koyo ta zube, kuma ba ta da sauran shekarun da za ta sake.

Na same ta tsugune a bakin ɗaki, tana wanke ƙafa, gwangwanin na gefenta. Rubutun ya kusa gogewa saboda riƙo. Na jira ta idar da salla, na ajiye mata butar.

"Wanga hwa?"

"Taki ce, Inna. Ki ba ni wancan."

Ta jawo gwangwanin jikinta. "Mi yay yi? Da shi na koyi salla."

Na buɗe baki. Ta ɗago tana kallona da idanun nan nata da suka fara yana, tana jira.

"Tsatsa ya fara, Inna. Zai yanke ki."

Ko sarƙewa muryata ba ta yi ba. Ƙaryar ta fito sumul, da taushi, irin yadda Idi ya yi mini tasa, kuma na ji kamar a bakinsa na ɗauko ta. Ta shafa gwangwanin, ta nemi tsatsar da yatsa ba ta samu ba, amma ta miƙo mini don ni na faɗa.

"Yau ba ɗan laushin nan nawa?"

"Madam ta bar yi."

"Ayya. To, Allah shi saka mata, mun sha daɗi." Ta ɗauki butar tana jujjuyawa. "In ka koma ka gaishe mini da Idirisa. Ɗan albarka, shi yas sama maka wurin nan."

Na ce zai ji.