Takardar Na'urar Inna

Ƙarfe biyu da minti ashirin na ranar Alhamis Halliru, mai kula da kaya, ya bugo wa Zailani waya daga siton kamfaninsu a Ras Al Khor, can ƙasar Larabawa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce takardu ashirin da biyu ne suka iso, alhali kwalaye ashirin da uku ne a ƙasa. Zailani ya tambaye shi ta wanne ce babu, duk da cikinsa ya riga ya ba shi amsa.

"Ta Inna ce, Malam. Na'urar nan. Direba ya ce ƙarfe uku zai tashi, kuma duk abin da ke da batir ba ya hawa motarsa sai da takarda. Na roƙe shi, ya ce halas, wai magana ta ƙare."

Na'urar ta numfashi ce. Wata biyu ke nan huhun Inna Mariya, mahaifiyar Zailani, ya ƙi ba ta haɗin kai, likita a Kano ya ce sai da iskar oksijin a gida. Wuta kuwa ba ta zama a Kurna, shi ya sa Zailani ya nemo mai batir a wani shago a Deira. Silindar da ƙanwarsa Maimunat ta samo aro, masu ita sun ce ranar Lahadi za su zo su ɗauka. Jirgin kayan da kamfaninsu ke amfani da shi sau ɗaya yake tashi a mako. Idan motar ƙarfe uku mai kai kaya filin jirgi ta tafi ba kwalin, sai wata Alhamis ɗin, kuma Zailani bai yarda ya ƙirga kwanakin da ke tsakanin Lahadi da Alhamis ba.

Ya ce wa Halliru ya riƙe direban ko da shayi ne, ya juyo kan kwamfuta.

Shekara tara yana wannan kujera, a ofishin kargo na hawa na biyu a Al Muraqqabat, yana tura kayan 'yan kasuwar Kano ta sama da ta ruwa. Tsohuwar kwamfutarsa ya san ta ciki da bai, ko yana waya yana shan shayi hannunsa ya san inda komai yake. Sai ga maigidan, Alhaji Ɗalhatu, mako uku da suka wuce ya sa an kwashe ta, an dasa masa wata faffaɗa kamar faranti, wai ita ake yayi, taɓa gilashinta ake yi kamar waya. Alhaji ya yi wannan aikin alheri ya hau jirgi ya koma Kano, ya bar bawan Allah da kayan haushi. Ɗan maɓallin nan na lungun ƙasa da ake dannawa komai ya fito, babu shi. A madadinsa wasu manyan akwatuna ne masu launi, wannan na juyawa yana nuna yanayin zafin garin da kowa ya san da zafi, wancan na nuna hoton wasu duwatsu da ba wanda ya tambaya. Ka buɗe abu ya cinye fuskar gaba ɗaya, ka nemi inda za ka rufe shi ka rasa.

Zailani mutum ne mai taurin kai irin na masu shiru-shiru. Tun ranar farko ya rantse yatsansa ba zai taɓa gilashin nan ba, shi ba yaro ba ne. Ya jona tsohon maus ɗinsa, ya haddace hanya ɗaya tak da ke kai shi foldar aiki, ya riƙa bin ta kullum ba ya waiwaye. Hanyar ta yi masa mako uku, yau ta ƙare.

Ya buɗe foldar jirgin Alhamis. Ya ƙirga, ashirin da biyu. Takardar batirin shi da kansa ya kwafe ta da safe daga filashin mai shagon, ya sa ta a sahun farko, mutumin ya karɓi filashinsa ya tafi. Bayan sallar Azahar ya haɗa duk abin da ke foldar ya tura wa Halliru bai ƙirga ba, don me zai ƙirga abin da ya jera da hannunsa? Ya kira mai shagon, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Shagunan wannan layi ba sa sake buɗewa sai bayan La'asar. Ya kira mutumin da ya dasa kwamfutar, aka ce layin a kashe yake.

Biyu da minti ashirin da takwas. Ya ce bari ya bincika, ai a tsohuwar akwai wurin da ake rubuta suna ta nemo. Ya kai maus lungu, wani shafi ya zuro daga gefe, kafin ya karanta abin da ke jiki ya koma. Ya sake kaiwa, ya danna da sauri, sai ga taswirar duniya ta cika fuskar. Ya danna maɓallin da a da yake rufe komai, taswirar ta tsaya tana kallonsa. Ya danna wani, akwatunan nan masu launi suka dawo suna juyi. Ko da ma ya samu wurin binciken, ya tuna, sunan fayil ɗin wasu lambobi ne dogaye da bai taɓa karantawa ba. Ofishin da sanyin na'ura har yana sa baƙi atishawa, amma rigarsa ta manne a bayansa.

A kujerar baƙi Hajiya Wasila ce zaune, 'yar kasuwar Kwari, tana jiran lambar kwantenar atamfofinta. Tun safe take nan, tana aika saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, ƙamshin humrarta ya cika ɗakin. Ta ɗago ta ce lafiya yake ta tsaki. Ya ce lafiya lau, bai ko kalle ta ba.

Wayarsa ta yi ƙara, Maimunat. Ya san abin da za ta tambaya, ya kife wayar a kan tebur. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun zuwansa ƙasar nan. Ya tuna jiya da ya gaya wa Inna an sayi na'urar, ta yi ta sa masa albarka tana tsayawa tsakanin kalma da kalma tana neman iska.

Biyu da minti talatin da bakwai Halliru ya turo saƙo: direba ya shanye shayin, ya tada mota yana jiran cikinta ya yi sanyi.

Zailani ya danna wani abu, fuskar ta yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci. Hasken taga ya faɗo a kanta, sai ya ga wani dogon shatin maiƙo a kan gilashin da ya goge tas da safe. Haushi ya ƙara turnuƙe shi. Ya fizgo tishu zai goge, har ya kai hannu, sai ya tsaya. Ya matso da hancinsa. Humra ce.

Duk wanda ya yi aiki da 'yan kasuwarmu ya san ba sa karanta jerin kaya da ido kaɗai. Sai sun ɗora yatsa a layin farko, su biyo shi a hankali har su iso sunansu, kamar yadda suke yi a littafin shago. Tsohuwar kwamfutar har wani dusasshen wuri gare ta a gefen hagu saboda yatsun alhazai da hajiyoyi. Shekara tara suna dangwala mata yatsa ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ya juyo a hankali, ya tambayi Hajiya ko ta zo wajen teburin nan da ya sauka masallaci. Ta ce ƙwarai, ta leƙa ne ta ga ko sunanta ya fito, kuma ba ta taɓa masa komai ba, ko madannan ba ta kalla ba.

"Gilashin fa, Hajiya?"

"Gilashi kuma? Yatsa kawai na ɗora, Malam Zailani. Na ga wani na sama duk lambobi, na tsaya ina duba ko nawa ne, na ga ba shi ba ne, na gangaro." Ta dubi yatsanta, ta dubi wayar da ke hannunta. "Innalillahi. Irin mai jin taɓi ce?"

Maganganu da yawa suka zo masa baki, ba ko ɗaya mai daɗi. Ya haɗiye su, don agogo ya nuna saura minti goma sha takwas. Ya karkato kwamfutar wajen taga ya bi shatin da ido. Ya fara daga sama, inda ya yi kauri, wurin da ta tsaya tana dubawa. Ya gangaro, ya karkace hagu, ya ƙare a wani ɗigo kusa da gefe. A wannan gefen ne foldoji ke jere idan shafin aiki na buɗe. Ashe ta ɗauko fayil ɗin ne ta sauke shi a wata folda ba ta sani ba. Idan ya mayar da shafin daidai yadda yake ɗazu, ɗigon zai faɗa a kan foldar.

Matsalar ita ce taswirar ta dawo, kuma hanyarsa ɗaya tak ba daga nan take farawa ba. Ya yi ta zagaya maus. Hajiya Wasila ta taso ta tsaya a bayansa, ta naɗe hannayenta cikin mayafi kamar mai tsoron su sake yin ɓarna. Turancinta bai wuce na ciniki ba, amma waya kam ko jikokinta ba su fi ta ba.

"Ajiye abin nan. Yi mata kamar waya, jawo daga gefe da yatsa."

Ya ce shi ba ya taɓa ta.

"To zauna kana rantsuwa, mota ta tafi. Yalla, Malam, jawo."

Ya ɗora yatsa a gefen gilashin, nesa da shatin, ya ja. Taswirar ta zame gefe ba musu, shafin aikinsa ya bayyana yadda ya bar shi. Abin da ya ci masa minti ashirin da maus. Bai samu sararin jin kunya ba. Ya sunkuya ya daidaita idonsa da hasken taga, ɗigon humrar ya zauna a tsakanin foldoji biyu, kwantenar Nuwamba da ta Disamba. Ya buɗe ta Nuwamba, takardu sun fi ɗari, duk da sunayen masu kaya, ya bi su har ƙasa bai ga mai lambobi ba. Saura minti tara. Ya buɗe ta Disamba, ya riƙa tura jerin sama da yatsa, Hajiya na ta salati ƙasa-ƙasa. Can tsakanin tayal ɗin wani Alhaji da kekunan ɗinkin wata Hajiya, ga lambobin nan dogaye. Ya taɓa, takardar ta buɗe da hatiminta shuɗi. Da ba a gano ba, da tana nan tana jiran jirgin ruwan da ke kwana arba'in a hanya.

Ya tura wa Halliru, ya kira shi, ya ce kada ya kashe. Ya ji takun gudu, ya ji ƙarar firinta, ya ji Halliru na haɗa Larabci da Turanci da Hausa yana ce wa direba habibi shwayya, wato ya ɗan dakata. Sai wata doguwar ƙara ta ƙofar mota da ake ja, wadda Zailani bai san ko buɗewa ake ko rufewa ba.

"Ya hau, Malam," in ji Halliru yana haki. "Ni na ɗora shi da hannuna."

Hajiya Wasila ta koma kujera ta zauna daɓas. Ta fara ba shi haƙuri, ta ce wallahi shekara ashirin haka take duba sunanta. Ya ce ya sani, kowa ma haka yake yi, laifinsa ne da bai ƙirga ba. Ta kama gefen mayafinta za ta goge masa gilashin, ya ce ta bari tukuna.

Ya birkito wayarsa. Kira huɗu na Maimunat. Ya kira ta, ta ɗauka tun ƙarar farko, ta ce Yaya ina ka shiga, Inna tun ɗazu take tambaya. Ya ce ta kai mata wayar kunne. Ya ji numfashin kafin ya ji muryar, gajere, yana fita da ɗan fito.

"Tana tafe, Inna. Asabar za ta iso, in sha Allah."

Inna ta ɗauki lokaci tana tara iskar da za ta yi magana da ita. Zailani ya jira, ya dafe goshinsa da hannu, yatsan na ƙamshin humra.

"To madalla," ta ce. Ta sake tsayawa. "Kai... ka ci abinci kuwa?"

Ya ce ya ci. Tun shayin safe bai sa komai a bakinsa ba.