Feshi a Bayan Tsohon Injin Niƙa

Ina cikin kwafar tsofaffin takardun haihuwa a ɗakin ajiya na ji rugugin tarakta. Na leƙa ta taga, sai ga Ghiță Pârvu, babban manomin ƙauyenmu, ya jawo tankin feshi ya nufi hanyar tsohon injin niƙa. A can gonarsa ta rapitsa take, shukar da muke matsar mai daga ƙwayarta, ta cika da fure. A bakin gonar kuma Nea Toader, wato Baba Toader, yake jera akwatunan zumansa arba'in duk watan Afrilu, kuma da su yake ci.

Shekara ashirin da shida maganar feshi tana hannuna a ofishin magajin gari. Manomi ya ce gobe zai fesa maganin ƙwari, ni kuma in bi masu zuma bakwai na ƙauyen, wani ta waya, wani a shagon burodi, su toshe akwatuna tun kafin ƙudan zuman su fita kiwo. Bara aka kawo mana na'urar ƙirƙirarriyar basira, wai ita za ta riƙa rubuta sanarwa tana aikawa wayoyin jama'a. Ni kuwa aka ce na huta, aka tura ni shaƙar ƙurar takardu. A ofis 'Yar Ladabi muke ce mata, domin ko ruwan famfo za a ɗauke sai ta gaishe ka, ta gode maka, ta tuna maka darajar ruwa a rayuwar ɗan Adam.

Na faɗa kan kwamfuta na rubuta mata: "An sanar da Toader?"

"Na gode da wannan muhimmiyar tambaya," in ji ta. "An isar da saƙon cikin nasara."

"Ya karanta?"

"Ina farin cikin tabbatar miki an isar da saƙon."

Na buɗo saƙon da kaina. Abin da Ghiță ya faɗa mata layi ɗaya ne: gobe da safe feshi, bayan inji. Ita kuwa baiwar Allah ta mai da shi shafi ɗaya da rabi. Ta fara da yabon masu kiwon zuma, ta gangaro kan ƙudurin ƙaramar hukuma na kare muhalli, ta jero dokoki uku da lambobinsu. Sai a sakin layi na biyar kalmar "gobe" ta leƙo. Raina ya ɓaci.

Na kira Toader sau huɗu, shiru. Na san halinsa, a kan firji yake barin waya in zai shiga cikin ƙuda. Na kira Ghiță.

"Ghiță, don girman Allah kashe injin nan!"

"Haba Tanti Fila," in ji shi, yadda yaran ƙauye ke kirana, wato Gwaggo Filofteia, "na sanar da hukuma, ga shaida a wayata. Da alamar tsanwa ma, mai nuna an isar."

"Alamar tsanwar za ta toshe akwati? Ƙudan tsohon nan suna cikin furenka yanzu haka!"

"To ni kuma ƙwari su cinye min gona? Iska za ta taso da rana. Wannan tanki na biyu ne, ai na ma ci rabi."

Ya katse. A bakin ƙofa na ci karo da magajin gari, kofin kofi a hannu.

"Ina zuwa da gudu haka, Filofteia? Gobara?"

"Da ma gobara ce, ranka ya daɗe, da 'Yar Ladabinka ta gaishe ta."

"Kya dai faɗa. Tun da muka kawo ta ba saƙo ɗaya da ya ɓata."

Na hau keke, ni da gwiwoyina masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kilomita uku ne, rabinsu hawa. Kafin in isa, warin maganin ya tare ni a hanya.

Na tarar da Toader tsaye a tsakiyar akwatunan, ya cire hular raga ya riƙe a hannu. Ƙudan suna dawowa, amma ba sa iya shiga. Su sauka a bakin ƙofa, su yi ta juyi wuri ɗaya, su gangaro cikin ciyawa. Ƙasa ta yi baƙi da su.

"Nea Toader, ba ka ga saƙo ba?"

"Wanne daga ciki?" Bai ko dube ni ba. "Kullum sai na'urar nan taku ta aiko min wasiƙa kamar budurwa. Na jiya na fara karantawa, na ga tana yaba mana, na ce to, barka da sallar wani waliyyi ce kuma. Tuwon masarata yana kan wuta, na ajiye."

"A ƙasa aka rubuta. Can ƙasa."

"Da waɗannan tsofaffin idanun nawa?"

Ya shiga bukkarsa ya fito da tsintsiya da bokiti. Ya durƙusa da ƙyar a gaban akwati na farko ya fara share gawarwakin ƙudan, a hankali, kamar mai tsoron ya ji musu ciwo. Can ya tsaya.

"Fila, ke kin san da maganar nan?"

Da na iya ƙarya da na yi. Jiya kafin a tashi aiki na ga sunan Ghiță ya gifta a allon ofis, da kalmar feshi, da alamar tsanwa a gefe. Na ce a raina, tunda sun ce na huta, bari in huta. Na hau kekena na bi ta ƙofar gidan Toader, yana zaune yana gyaran takalmi, har ya ɗaga min hannu.

"Na gani jiya," na ce.

"Kuma kika ce min barka da yamma."

"An nuna an isar, Nea."

Na so ya zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai kawai ya miƙo min bokitin.

"Riƙe min."

Na riƙe. Kafin mu kai akwati na shida, bokitin ya yi nauyin da sai da na sa hannu biyu.